Gangar da Kaka Ya Rataye

Mai ba da numfashi ya karɓi na Kaka ranar wata Talata da la'asar, dawa ta fara fid da kai. Washegari da hantsi ƙofar gidanmu ta cika, har ana shimfiɗa buhuna don tabarmi sun ƙare. Ƙauyenmu ɗan ƙarami ne tsakanin Gubuchi da Makarfi, gidaje kaɗan na Maguzawan da suka karɓi bishara, da majami'armu ta jinka a gindin ɗorawa. Ban taɓa zaton mun san mutane da yawa haka ba.

Masu bi suka zo da littattafan waƙa a hammata, suna cewa, "Sannunku da rashi, ya tafi gida." Musulmin Gubuchi ma suka zo, suka durƙusa, suka ce Allah ya ba mu haƙuri, suna kiyaye harshe kada ya zarce zuwa addu'ar da ba a saba yi wa wanda ba nasu ba. Wani tsoho ɗan Paki, wanda ya ji labari a Makarfi ya ratso, carbi a wuya, shi bai kiyaye komai ba. Ya ce, "Allah ya jiƙansa, ya jiƙansa, ya ƙara jiƙansa. Ni na yi masa dakon ganga muna samari." Sai ya dubi dattawanmu ɗaya bayan ɗaya, yana murza tafin hannunsa, ya ce, "To, yaushe za a buga?"

Wani ya shiga gyaran hula, wani ya miƙe wai zai duba masu haƙa kabari. Ni ce jikar Kaka ta fari, ina tsaye a bakin zaure da ƙwaryar ruwa, na ga yadda kowa ya yi kamar ba da shi ake ba. Saboda wannan shirun na zauna rubuta wannan, tunda an koya mini rubutu a ajin mishan. In ban rubuta ba, nan gaba kaɗan za a ce Kaka wani tsoho ne marar magana da ke zama a dakalin baya ranar Lahadi. Wannan kuwa ƙarya ce.

Kaka makaɗin noma ne. Tun kafin a haifi Inna, ba a yin gayyar kirki daga nan har Kudan sai an aiko masa da goro. Gangarsa babba ce, ta itacen alilliba, shi ya fafe ta da hannunsa. Kowane manomi yana da takensa, wato 'yan kalmomin da ganga ke faɗa masa shi kaɗai, in ya ji su ko bayansa ya ƙage sai ya sake duƙawa. Kuma al'adarmu ce tun kakanni, in manomi ya mutu makaɗi ya tsaya bakin rami ya buga masa takensa sau ɗaya, a sallame shi da shi, daga ranar ba a ƙara buga wannan take. Kaka ya sallami mutane da yawa haka. Nasa taken, wanda yake buɗe kowace gayya da shi, gajere ne: "An ba ni, ban roƙa ba."

Ni ban taɓa jin gangar nan ta yi magana ba. Na taso na tarar da ita a rataye a tsaikon ɗakinsa, naɗe da tsohon zane.

Yadda aka yi ta hau can, Inna ce ta ba ni labari. Lokacin da Baturen mishan ya fara zuwa daga Zariya a kan keke, Kaka da ƙaninsa, wanda muke kira Kaka Ƙarami, rana ɗaya aka yi musu baftisma a rafi. Bature ya ce gayya ba ta rabuwa da tulun giya da yanka wa iskoki kaza a kusurwar gona, saboda haka a ɗan ajiye ganga tukuna, sai zukata sun kafu. Wasu masu zafin sabon tuba suka ce a ƙona ta ma kawai. Kaka ya ce ajiyewa zai ajiye, amma abin da ba shi ya ba kansa ba, ba shi da ikon cinna masa wuta. Ya naɗe ta ya rataye. Bature ya gama shekarunsa ya koma ƙasarsu, "tukuna" ta zauna mana. Kaka Ƙarami, da yake shi ya iya karatu, ya zama dattijon ikkilisiya, ya riƙe maganar nan fiye da yadda mai ita ya riƙe ta.

Abin da Bature ya bar mana a madadi shi ne wani akwatin kiɗa, ana taka masa da ƙafa ana danna masa haƙora da yatsu. In damina ta yi nisa sai ya shaƙe. Kaka yakan raɗa mini, "Uwargida, akwatin naku mai tari ya tashi, a nemo masa kanwa." Uwargida yake ce mini, irin wasan kaka da jika, ni kuma in ce masa ango mai furfura. In na kai masa tuwo ya ce miyar ba gishiri, zai yi mini saki. In ce ya yi, daman ba ni son miji marar haƙori.

Yatsunsa ba su taɓa zama wuri ɗaya ba. A gwiwa suke, ko a gefen akushi, ko a kan ƙotar fartanya. Inna ta ce ina jaririya in na ƙi barci, shi ke karɓa ta ya kifa ni a cinya ya yi ta buga mini a gadon baya har in yi luf. Da na yi wayo sai ya koma tafin hannuna. "Wannan na wane ne, ya mutu, na sallame shi, kada ki ƙara. Wannan na wane ne, ya musulunta ya koma Hunkuyi sayar da hatsi." Haka na haddace taken mutanen da ban taɓa gani ba. A majami'a kuwa, duk lokacin da Kaka Ƙarami ya miƙe zai yi sanarwa, sai in ga yatsun Kaka sun fara wani ɗan kiɗa a gwiwa, kullum iri ɗaya. Na tambaye shi, ya ce, "Na Auta ne." Shi kaɗai ke kiran dattijon ikkilisiya Auta.

Wannan take ma yana da labari. Kaka Ƙarami ya taso siriri, mai yawan laulayi, a gayya shi ne na ƙarshe, 'yan mata na yi masa dariya. Rannan a gonar mahaifin yarinyar da yake so, Kaka ya bar manyan manoma ya koma bayan ƙaninsa, ya ƙago masa take nan take: "Auta, kai ta iyaka, kada ka waiwaya." Ya bi shi da ganga daga wannan kunya zuwa waccan har ya riga kowa fita. Yarinyar nan ita ce matar da ya tsufa da ita. Duk ƙauyen an san wannan, shi ma ya sani.

Kada a ɗauka Kaka mai rabin zuciya ne a bin Almasihu. Giya ya bar ta tun ranar rafi. Shi ke fara isa sujada, shi ke share gindin ɗorawa. Abin da ya kasa haɗiyewa shi ne a ce kiɗa ba na Allah ba ne. Yakan ce, "Wanda ya huda wa mutum kunne, ai da abin da yake so a zuba a ciki." Wani lokaci in muna tafiya gona ya tsaya ya ɗaga yatsa, ya ce, "Ji kurciya. Ba ta je ajin baftisma ba, kullum safe tana yi, har yau ba a kai ta gaban dattawa ba." Da Fasto ya taɓa yin wa'azi a kan mala'iku masu yabo, Kaka ya tare shi a ƙofa cikin ladabi ya tambaya ko su ma akwati suke takawa.

Rigimarsu ta fito fili ne a shekarar samun mulkin kai. Aka yi biki a Makarfi, yaran makarantar mishan suka yi maci da badujala, Kaka Ƙarami yana gaba-gaba yana tafi har da ɗaga hula. Da aka tashi na ga Kaka ya matsa kusa da yaron da ke ɗauke da babbar gangar, ya shafa fatar, ya sansana yatsunsa. Sai da muka kama hanyar gida, muka shiga tsakanin gonakin rake, sannan ya juya wajen ƙaninsa.

"Auta, waccan da yaranmu suka buga, fatar mece ce?"

"Yaya, waccan ai ta makaranta ce."

"Na taɓa ta. Akuya ce. Ko akuyar ce ta yi boko?"

Kaka Ƙarami ya tsaya cik. "Yaya, kai ma ka san yadda ake kallonmu. A kasuwa har gobe arna ake ce mana. Ga shi Bature ya tafi, ba mu da mai tsaya mana. Ranar da aka ji gangar noma a wurinmu za a ce ga su nan, riga kawai suka sake. Kuma in ganga ta dawo, tulun giya na biye da ita. Ni zan tsare yaran nan, ba kai ba."

"Giya na riga ka barinta. Ni tambayata guda ce. Hannun nan wa ya ba ni? In Shaiɗan ne, faɗi, in je a sare shi. In kuwa Allah ne, ranar da na tsaya gabansa ya ce ina abin da na ba ka, me zan ce? In ce yana tsaiko, Auta ya ce a jira?"

"A jira dai, Yaya."

Ba zan ce maganar Kaka Ƙarami ba ta da kai ba. Ni ma an ce mini 'yar arna a bakin rijiya, na san ɗacinsa. Amma tsoron bakin mutane daban, dokar Allah daban, shi kuwa ya haɗa su ya ɗora wa yayansa a ka. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne Kaka ya ɗauka. Samari sun sha zuwa su ce ya sauko da ita, in ya so a raba majami'ar. Yakan ce, "Garke ne ɗan ƙarami, ba da gangata za a watsa shi ba."

Damina biyu bayan wannan, kurkunu ya kwantar da Kaka Ƙarami daidai lokacin huɗa, ciyawa ta kusa cinye masa gona. Kaka ya bi gida-gida ya tara gayya. Ba ganga, ba giya, sai kunu. Mutane suka yi ta jan ƙafa kamar an tilasta su. Sai Kaka ya naɗe wando ya bi bayansu, yana buga cinyarsa da tafin hannu, yana kiran taken kowa da baki. Kafin la'asar an gama gonar. Cinyar ta kumbura, ni na gasa masa ita da ruwan zafi. Na ce, "Ango, mutumin da ya ɗaure maka hannu kake wa wannan?" Ya ce, "Uwargida, ke dai danna a hankali. Ƙanina ne." Da Kaka Ƙarami ya warke ya miƙe a majami'a ya gode wa 'yan'uwa masu bi gaba ɗaya. Bai ambaci cinyar ba.

Da ciwon ajali ya kama Kaka, wata safiya ya sa aka kira masa ƙaninsa da Fasto, wani saurayi mai sanyin hali da ke zuwa mana daga Ikara a kan keke. Ina zaune ina yi masa fifita.

Ya ce, "Ban ce a majami'a ba. Wannan na haƙura. A bakin rami kawai, sau ɗaya, takena. Abokina na Paki zai buga, hannunsa bai manta ba. Ba don a yabe ni ba ne. Aro aka ba ni, ina so in mayar wa Mai shi yana da sauti."

Fasto ya dubi Kaka Ƙarami. Kaka Ƙarami ya dubi ƙasa, ya ce, "Za mu duba, Yaya."

Kaka ya yi murmushi ya juyo wajena. "Kin ji, uwargida. Daga a jira mun kai za mu duba. Muna ci gaba."

Ranar jana'iza dattawa suka duba, a gindin ɗorawa, bayan tambayar tsohon Paki. Ba su daɗe ba. Na ji muryar Kaka Ƙarami ta cikin darni yana cewa, "Musulmi ya buga gangar gargajiya a kan kabarin mai bi, ga mutanen Gubuchi na kallo? Wace shaida ke nan?" Aka watse a kan ba za a buga ba.

Kabarin a bayan gida aka haƙa shi, kamar yadda muke wa tsofaffi, kusa da inda muke daka. Samari suka ɗauko akwatin kiɗa suka dire shi a kan tudun ƙasar. Ya yi tarinsa, aka yi waƙa. Sannan Fasto ya yi wa'azi, kuma don a san irin abin da na haɗiya, a kan kiɗa da waƙa ya yi shi. Ya ce baiwa ce daga wurin Allah, ba mutum ya ƙago ta ba. Ya ce Mahalicci ya sa sauti a bakin tsuntsu da iska da ruwa tun kafin ya yi mutum, kuma duk wanda aka ba baiwa za a tambaye shi a kanta. Ya ce marigayin yana cikin waɗanda aka ba. Dattawa suna gyaɗa kai suna cewa amin. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, Kaka ya riga shi faɗa a hanyar gona.

Amma akwai abin da dattawa suka manta. In tsoho ya mutu, ranar ta jikoki ce. Su sa rigarsa, su kwaikwayi tafiyarsa, su tare masu ɗaukar gawa, su yi abin da suka ga dama, ba mai tsawata musu. Wannan al'adar ba wanda ya taɓa ce mata tukuna. Na shiga ɗakin Kaka na zura rigarsa, na kafa hularsa, na taka turmi na kwance igiya. Na fito da ganga a kafaɗa ina ɗingishi irin nasa, na ratsa maza har bakin rami, na ajiye ta gaban tsohon Paki. Kaka Ƙarami ma kakana ne, ba shi da ikon tsawata mini.

Tsohon ya yi bisimilla ya warware zanen. Ƙasa ta zubo. Gara ta cinye cikin itacen, fatar ta bushe ta tsage a gefe. Duk da haka ya rataya ta, ya ɗaga gula ya buga. Gular ta shige ciki. Ya tsaya riƙe da ita, hawaye na bin gemunsa. A cikin shirun nan na ji wani daga layin dattawa ya sauke ajiyar zuciya, irin ta wanda aka sauke wa kaya. Na san muryar. Wannan ajiyar zuciyar har yau ban yafe ta ba, ko da yake ina karanta addu'ar yafewa kowace safiya.

Aka tura ƙasa.

Baƙi kuwa sai an ciyar da su. Ni da jikoki mata biyu muka koma bakin turmi da dawar tuwo, rigar Kaka na jikina har lokacin. Muna dakan, hannuna ya sauya da kansa. Na buga, na ɗaga taɓarya sama na tafa, na cafe, na goga ta a bakin turmi. Ƙannena suka gane lugude nake so, suka shigo, duk da ba a yin lugude a gidan makoki. Na ja su a hankali har muka hau kan abin da aka buga mini a gadon baya tun ban san kaina ba. Turmin ya faɗa, sarai, kowa na ji. Tsofaffin manoma suka miƙe tsaye, Musulmi da masu bi. Tsohon Paki ya share fuska ya amsa da baki, "An ba ni, ban roƙa ba." Fasto ya sunkuyar da kai cikin littafinsa. Kaka Ƙarami yana zaune a kujerarsa fuska a ɗaure, amma na ga babban yatsan ƙafarsa yana motsi a cikin ƙasa. Sau ɗaya muka yi, kamar yadda ake yi, muka koma daka. Da tuwo ya nuna dattawa suka ci, har da neman ƙarin miya.

Mata suna ta ce mini na kyauta, na cika masa burinsa. Ban cika ba, kada a rubuta haka. Ya roƙi ganga a bakin rami, ya samu turmi bayan an rufe shi. Mutumin da Allah ya ba hannu irin wannan ya yi fiye da rabin ransa yana buga gwiwa. Wanda ya ba shi ne kaɗai zai iya biyansa, ina kuma roƙon ya karɓe shi inda ba a cewa a jira.

Da aka tashi zaman makoki baƙi suka watse, wata safiya ina surfe ni kaɗai sai ga Kaka Ƙarami da sandarsa. Ya tsaya nesa kaɗan, ya dubi kabarin, ya dubi turmin. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa, ya tambayi kwanan yara, ya tambayi gajiyar baƙi, ya sake tambayar kwanan yara. A 'yan kwanakin nan ya tsufa ƙwarai.

Can ya rage murya ya ce, "Jikalle, na ce ba. Nawa taken fa? Ya koya miki?"

Na san shi kamar sunana. Kowace Lahadi ta rayuwata na gan shi a gwiwar Kaka.

Na ce, "Za mu duba, Kaka."

Na miƙe na ɗauki taɓarya na ci gaba da surfena, bugu ɗaya bayan ɗaya, irin na tuwo kawai, har ya gaji da tsayuwa ya tafi.